Cafke Jirgin Ɗaukar Hoto Da Hannu Ba Wasan Yara Ba Ne

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wani babban taro a Abuja, ko liyafar aure ce a Maitama ko Gwarinpa, ko bikin naɗin sarauta a Abaji, ko kuwa harsashin gini wani attajiri zai aza a bayan Lugbe, har a watse ba a ji wani ƙugi a sama kamar na taron zuma ba. Wannan ƙugi na ɗan ƙaramin jirgin nan ne maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda masu sana'ar ɗaukar hoto ke kira duron. Yakan yi ta shawagi bisa kawunan jama'a yana ɗaukar bidiyo, in an gama kuma mai shi ya juyo da shi gida. To, a daidai nan ne ake yin wani abu da ya fara zama al'ada, watau maimakon a bar jirgin ya sauka a ƙasa, sai saurayin ya miƙa hannu ya tsinko shi daga iska kamar mai tsinkar mangwaro, alhali farfelu huɗu na juyawa bai fi taƙi guda daga yatsunsa ba. Yara su yi sowa, manya su riƙe baki, shi kuwa ya naɗe abinsa ya saka a jaka.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka abin ba shi da wuya. Amma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san cewa kamun ba ya ƙarewa a lokacin da hannu ya damƙi jirgi, sai lokacin da farfelun suka tsaya cik. Tsakanin damƙa da tsayawar nan akwai 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kuma a cikinsu ne mutum ke riƙe da inji mai rai wanda bai san an kama shi ba.

Jirage marasa matuƙa dai ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya ta nuna nata mai suna Gulma a Kaduna cikin 2013, sa'an nan cikin Fabrairu 2018 aka ƙaddamar da Tsaigumi, sunaye biyu da kowane Bahaushe ya san sun dace da mai aikin leƙe ya kai rahoto. Waɗannan masu fukafukai ne, filin tashi suke bukata. Na masu ɗaukar hoto dabam ne, farfelu huɗu gare shi, yana tashi tsaye ya sauka tsaye, kuma mafi yawan waɗanda ake gani a hannun samarin Abuja ƙirar kamfanin DJI ne, wanda aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin cikin 2006. Kamfanin ya fito da farin jirginsa mai dogayen ƙafafu, Phantom, a farkon 2013, kana a 2016 ya kawo Mavic wanda ake naɗewa ya shiga 'yar jaka. Wannan bambanci na ƙira, mai ƙafafu da maras ƙafafu, shi ne ya raba hanyar kamu gida biyu, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin Da Ke Tilasta Su

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya cafke jirginsa da hannu burga yake yi. Wani lokaci ƙasar Abuja ce da kanta ke tilasta wa mutum. Tun ran 12 ga Disamba 1991 da aka dawo da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko, gine-gine ba su tsaya ba a birnin, kuma babban rabon aikin masu duron yana wuraren gini ne, a Guzape da Katampe da Jahi da Lokogoma, inda masu sayar da filaye da gidaje ke son a nuna wa mai saye hajarsu daga sama. A irin waɗannan wurare ba abin da ke ƙasa sai jar ƙasa da yashi da tsakuwa. Jirgi kuwa in zai sauka, iskar farfelunsa takan daki ƙasa ta tayar da ƙura ta lulluɓe shi. Injinansa huɗu a buɗe suke don su sha iska, kuma da maganaɗisu a cikinsu mai jawo duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ƙasa. Mariƙin kyamarar ma yana da nasa ƙananan injina guda uku masu tsananin laushi, waɗanda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa su riƙa rawa, hoto ya lalace. Da hunturu abin ya fi muni. Da damina kuma sai ciyawa ta yi tsawo, taɓo ya cika wuri, ga shi kyamarar Mavic da ƙannensa ba ta wuce 'yan yatsu kaɗan daga ƙasa ba in jirgin na zaune.

Sai kuma duwatsu. Wanda ya hau tsaunin Katampe, ko ya je tsohon ramin fasa dutse na Mpape wanda ya cika da ruwa har ya zama wurin shaƙatawa, ko ya bi hanyar Kaduna don ya ɗauko Dutsen Zuma daga gefen Madalla, zai yi ta neman shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗin faifai ya rasa. Jirgin da ya sauka a gangare yakan kife, farfelu su daki dutse su karye. Wasu kan ce to a sauke shi a rufin mota ko a kan daɓen siminti, amma ƙarfen mota da rodin da ke cikin kankare suna rikita kamfas ɗin jirgin, wanda da shi yake sanin gabas da yamma. Idan aka haɗa waɗannan duka, ga kuma tsadar kayan gyara da wuyar samunsu, ba abin mamaki ba ne saurayi ya ga hannunsa ya fi ko'ina tsabta da aminci. Hujjarsa tana da ƙarfi. Abin da ya rage shi ne ya san farashin da hannun zai biya ran da aka yi kuskure.

Kaifin Farfela

Farfelar Phantom 4 ta roba ce, tsawonta daga baki zuwa baki inci tara da ɗoriya, watau wajen santimita 24. Idan aka ɗauka tana zagaye 6,000 cikin minti guda, abin da bai fi ƙarfin irin wannan jirgi ba, to zagaye ɗari ke nan cikin daƙiƙa ɗaya, kuma bakinta na tafiyar mita 75 a daƙiƙa, kimanin kilomita 270 ke nan a sa'a guda. Tun da yake fiffike biyu gare ta, yatsan da ya shiga hanyarta zai sha sara ɗari biyu cikin daƙiƙa guda in bai tsayar da ita ba. Shi ya sa raunin farfela ba ya zuwa yanka ɗaya kamar na wuƙa, sai jere-jere kamar an tsaga kifi za a soya. A bayan yatsu kuwa ba wani nama, fata ce kawai ta rufe jijiyoyin da ke miƙe su.

Wasu masana na Jami'ar Florida a Amurka sun bi bayanan sassan gaggawa na asibitocin ƙasar daga 2015 zuwa 2020, suka ƙiyasta cewa mutum wajen 4,250 ne aka kai saboda raunin irin waɗannan jirage. Kashi 72 cikin ɗari na raunukan yanka ne. Kashi 56 cikin ɗari a hannu suke, galibi a yatsu, kashi 24 kuma a kai. Ba duka ne suka ji ciwo wajen kamu ba, amma lissafin ya nuna ɓangaren jikin da farfela ta fi samu, wanda shi ne kuwa mai kamu ke miƙa mata da kansa.

Wanda labarinsa ya fi bazuwa shi ne mawaƙin nan ɗan ƙasar Sifen, Enrique Iglesias. Ya saba a wurin wasansa ya kamo jirgin da ke ɗaukar taron, ya juya kyamarar wajen fuskarsa ko wajen 'yan kallo don a gani a babban allo. Ran 30 ga Mayu 2015, a birnin Tijuana na ƙasar Meziko, ya miƙa hannu kamar kullum, farfela ta sassare masa yatsun hannun dama. Aka ɗaure hannun ya ci gaba da wasa wajen rabin sa'a jini na ɓata masa riga, daga nan aka wuce da shi Los Angeles inda likitoci suka yi masa aiki. Abin lura shi ne ba ranar ya fara ba, ya sha yi lafiya lau. A cikin shekarar nan kuma, a gundumar Worcestershire ta Ingila, wani yaro da bai cika shekara biyu ba ya rasa ido ɗaya. Wani aminin gidansu ne ke ƙoƙarin sauke jirginsa, ya taɓi reshen itace, ya karkace ya faɗa kan yaron. Wannan ba kamu da hannu ba ne, amma a lokacin sauka abin ya faru, kuma ya isa ya nuna wanda ke tsaye daidai tsawon da farfela ke bi in jirgi ya ƙwace.

Jirgin Bai San An Kama Shi Ba

Muhimmin abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne jirgin nan yana da nasa tunanin. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta wadda aikinta guda ne, watau ta tsayar da shi inda aka bar shi. Tana jin duk wata karkata, tana karɓar bayani daga taurarin ɗan'adam, tana kuma duban ƙasa da wasu ƙananan idanu da ke cikinsa ta ƙasa. In iska ta ture shi hagu, sai ta ƙara wa injinan wuta ya koma dama. In wani abu ya janyo shi ƙasa, sai ta ƙara wuta ya koma sama. Ba ta bambanta iska da hannun mutum. Saboda haka wanda ya damƙi jirgi ya fizgo shi wajen ƙirjinsa, kokawa ya tsokana, farfelun za su ƙara gudu, jirgin ya riƙa murɗawa yana neman ƙwacewa, wuyan hannu ya lanƙwashe, kuma ta haka ne farfelar baya ke samun damtse ko fuska.

Idanun nan na ƙasa su ma suna da nasu rikicin. An yi su ne don su hana jirgi dukan ƙasa, don haka a kan ƙirar Mavic da Mini da Air, da zarar hannu ya shigo ƙarƙashinsa sai jirgin ya ɗauka ƙasa ce ta taso, ya yi tsalle sama. Mai kamu in bai san da wannan ba sai ya bi shi da hannu, ya yi ɗage, ya kai wawura, yatsu a buɗe suna duban sama. Mafi munin motsi ke nan da mutum zai yi a gaban farfela.

Har ila yau, tsayuwar jirgi a iska ba ta kai yadda ido ke nunawa ba. Kamfanin DJI da kansa ya rubuta cewa Phantom 4, in taurarin ɗan'adam kaɗai yake dogaro da su, yana iya gocewa rabin mita sama ko ƙasa, da mita ɗaya da rabi ta gefe. Sai in idanun ƙasa na gani sosai ne gocewar ke raguwa. Idanun kuwa ba sa gani da duhu, ba sa gani a kan ruwa ko a kan daɓe mai ƙyalli. Ke nan kamu bayan magariba, ko tsakanin dogayen gine-ginen tsakiyar birni inda saƙon taurari ke rauni, ko cikin zauren biki mai tayil, ya fi kamu da rana a fili hatsari nesa ba kusa ba.

Yadda Gwanaye Ke Yi

Gwani yakan fara shirin kamu tun jirgi na nesa. Yana dawo da shi da sauran caji mai kauri, kamar kashi talatin cikin ɗari, domin batir in ya yi ƙasa ƙwarai jirgin kan soma sauka da kansa ko an so ko ba a so, mutum ya shiga gaggawa. Yana kashe umarnin komawa gida da na bin mutum, don kada jirgin ya yi wani motsi da ba a sa shi ba. Ba ya barinsa a kan giyar tsere, wadda ɗan taɓi kaɗan ke sa jirgi ya zabura. Sa'an nan ya janye daga cikin jama'a, ya sa wani babba ya tsare yara.

Daga nan sai ya duba iska. Ƙa'ida ita ce iska ta riƙa bugun bayan mai kamu, jirgi na gabansa, ta yadda in guguwa ta taso za ta tura jirgin gaba ne, ba kan fuskarsa ba. Masu aiki a Abuja sun san iskar da ke riga hadari isowa daga watan Afrilu, wadda ke zuwa ba sallama. In ganyen itatuwa sun soma kaɗawa da ƙarfi, an wuce lokacin kamu.

Sai ya kawo jirgin ya tsayar da shi taku huɗu ko biyar a gabansa, sama da kansa kaɗan, ya juya shi kyamara na duban gaba, bayansa na wajen mai kamu. Hikimar wannan juyi ita ce hagun jirgi ta zama hagun mutum, damansa ta zama damansa, domin jirgin da ke fuskantar mai shi komai nasa a juye yake, kuma mutum in ya firgita yakan tura shi wajen da yake gudu. Sa'an nan ya saki linzami, watau 'yan tsinkayen nan biyu da ke kan rimot, ya dubi jirgin na ɗan lokaci ya tabbata ya natsu. Shi ne zai taka ya je wurin jirgi. Ba a tuƙo jirgi zuwa wurin mutum.

In mai ƙafafu ne irin Phantom, abin ya fi sauƙi. Hannu ya fito daga ƙasa a miƙe, ya kama tsayayyen sashen ƙafar baya da ƙarfi, farfelu na can sama da kai. In kuwa maras ƙafafu ne, sai a shimfiɗa tafin hannu a ƙarƙashinsa, yatsu a haɗe, babban yatsa a manne, a riƙe linzamin hagu a ƙasa har jirgin ya yarda cewa ya sami wurin sauka, ya sauko da kansa. Da cikinsa ya taɓa tafi sai a matse shi tsakanin babban yatsa da sauran, a bayan kyamara, a ƙarƙashin hannuwansa huɗu. Yatsa ko ɗaya kada ya haura saman jikin jirgin. A kowane hali hannu na tsayawa daidai inda ya kama, ba ja ba turawa, linzamin hagu na danne a ƙasa. Bayan daƙiƙa ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin jirgin, injinan za su mutu. Sai an daina jin ƙara, an kuma ga farfelun a tsaye, sa'an nan a sauke hannu.

Akwai wani ƙaramin tarko a nan. Linzamin hagu, a saitin da aka fi amfani da shi, aiki biyu yake yi: sama da ƙasa na hawa da sauka ne, hagu da dama kuma na juya jirgin ne a inda yake. Mutumin da ke riƙe da rimot da hannu ɗaya, ga nauyin waya a kansa, in babban yatsansa ya ɗan zame gefe, jirgin zai murɗa a cikin hannunsa. Maganin wannan shi ne a rataya rimot a wuya da maɗauri. Abin da ya fi ma shi ne a zama mutum biyu, ɗaya na tuƙi da hannu biyu, ɗaya na kamu, kuma su yi magana da baki: wannan ya ce ya riƙe, wancan ya ce ya kashe. Wasu samari kan kife jirgin da zarar sun kama shi, saboda jirage da yawa na kashe injinansu in sun ji sun juye. Dabarar na aiki, amma kafin injin ya mutu yakan yi wani yunƙuri, kuma juyin na biyo da farfela ta gefen damtse. A ajiye ta don ranar da linzami ya ƙi.

In kuwa abu ya ɓaci, jirgi ya yi tsalle ko ya goce, hannu ƙasa yake komawa, a ja da baya, a sake shiri. In jirgin faɗuwa yake yi, a bar shi ya faɗi. Wannan shi ne mafi wuyar koyo, domin ɗan'adam in ya ga dukiyarsa za ta faɗi hannunsa kan riga hankalinsa zuwa.

Babbar Riga Da Mayafi

Littattafan da ke zuwa cikin kwalin jirgi ba su san suturar Hausawa ba. Farfela iska take zuƙowa daga sama ta watsa ƙasa, don haka duk wani ƙyalle da iska ta ɗaga ya haura samanta, ciki zai shige. Hannun babbar riga, da jelar rawani, da gefen gyale ko mayafi, da carbin da aka naɗe a wuyan hannu, kowannensu na iya naɗewa a inji, ya fizgo jirgin zuwa jikin mai shi. Wanda zai yi kamu ya tuɓe babbar riga, ya bar 'yar shara ko riga mai matsattsen hannu. Matan da suka shiga sana'ar, kuma suna ƙaruwa, su soke gefen hijabi ko mayafi sosai. Safar hannu mai kauri da tabarau ba sa rage wa kowa kwarjini. Masanan da ke nazarin manyan dabbobin teku daga cikin kwalekwale, waɗanda ba su da wurin sauke jirgi sai hannu, da safar hannu da hular kwano suke yin wannan aiki.

Daga wannan mai karatu zai gane abin da ya kamata a ce wa duk wanda ya kawo shawarar a sauke wa ango jirgi a tafin hannu, ko amarya ta karɓi zobe daga gare shi don hoto ya yi kyau. Mutum biyun nan su ne suka fi kowa yawan ƙyalle a jiki ran nan, ba su taɓa yin kamu ba, kuma dangi na kewaye da su. A Ingila, kafin a sake dokar a ƙarshen 2020, an wajabta wa mai jirgi mai kyamara ya bar mita 30 tsakaninsa da mutanen da ba sa cikin aikin a lokacin tashi da sauka. Da wuya a sami zauren biki a Abuja da za a iya barin wannan tazara a cikinsa ran da ya cika.

A kan ruwa, kamar masu bin kwalekwale a tafkin Jabi, kamu da hannu ya zama tilas, kuma nan ne ya fi wuya. Jirgi na tsaye wuri ɗaya, kwalekwale na tafiya da mai kamu, idanun ƙasa ba sa aiki, sa'an nan tangaɗin ruwa na iya sa jirgin ya ɗauka har yanzu yana sama, ya yi jinkirin kashe inji. Dole a tsayar da kwalekwalen tukuna. A kuma tuna cewa wurin da jirgin ya sani a matsayin gida shi ne inda ya tashi, wanda yanzu ruwa ne tsantsa.

Akwai jiragen da ba a kai musu hannu ko kaɗan: na tsere waɗanda ake tuƙawa da tabarau a fuska, da manyan na feshin gona, da duk wanda aka sa wa farfelar kabon mai tauri. Inspire 2 na masu shirya fim ya haura kilo uku, ba na mutum ɗaya ba ne. A ɗaya gefen kuma kamfanin ya yi wasu musamman don tafin hannu, Spark a 2017, da Neo a 2024 wanda nauyinsa giram 135 ne, farfelunsa kuma a cikin keji suke. Kamfanin Zipline, wanda ya soma kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna da jirage marasa matuƙa cikin 2022, ya cire hannun mutum daga lissafin gaba ɗaya: kaya da 'yar lema suke sauka, jirgin kuma in ya dawo wata igiya ce ke kama ƙugiyar wutsiyarsa.

Abin takaici shi ne yawancin kamun da ake yi a Abuja, ban da na kan dutse da kan ruwa, falankin katako mai faɗin kamu biyu ya isa ya hana shi. Akwai faifan sauka da ake sayarwa, mai naɗewa kamar laima, in babu kuma tabarmar roba da aka danne kusurwoyinta da duwatsu ta wadatar, ta hana ƙura tashi, ta kwantar da ciyawa.

Ta fuskar doka, cikin watan Mayu 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar hana tayar da jirgi maras matuƙi a sararin ƙasar nan sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma ƙa'idojin hukumar na 2023 sun keɓe wa waɗannan jirage babi na musamman. A Abuja, inda fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da barikokin soja da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe suke, maganar ta fi nauyi. Tana kuma da alaƙa da kamu, domin mai tayar da jirgi ba takarda a ɗarare yake aiki, da ya hango jami'in tsaro sai ya nemi ya wawuro abinsa ya ɓoye, kuma gaggawa da farfela ba sa shiri.

In tsautsayi ya faɗa, a fara kashe jirgin. A danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe wajen minti goma ba leƙe. A cire zobe tun yatsa bai kumbura ba. A wanke da ruwa mai tsabta, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki kamar yadda wasu ke yi a gareji. Sa'an nan a gwada lanƙwasa kowace gaɓa ta yatsan da miƙe ta, a kuma taɓa kansa a ji ko yana ji. In gaɓa ta ƙi motsi ko kan yatsa ya mutu, jijiya ta yanke ko da raunin ƙarami ne a ido, kuma aikin likitan tiyata ne a Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a ranar, ba na mai kemis ba. A nemi allurar tetanus. In ido ne, kada a murza, kada a danna, a kifa masa ƙaramin kofi mai tsabta a ɗaure a tafi asibiti. In kuwa kan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a saka a leda a ƙulle, a jefa ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi tare da majinyacin, amma kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.